Amsoshin Takardunku: Mako Uku Da Sayen Mota Giya Ta Mutu, Ina Mafita?

Kamar yadda muka saba, a wannan shafi muke buga amsoshin da muka karanta a rediyo, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu ya karanta, ko a karanta masa. A wannan mako takarda ɗaya tak za mu ɗauka, saboda irin tambayar ta sha zuwa mana, kuma amsarta tana da ɗan tsawo.

TAMBAYA

Takardar ta fito daga wani manomi, kuma ɗan kasuwar hatsi, a ƙasar Dandume ta Jihar Katsina, wanda ya roƙa a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Da kaka na sayar da masara da waken suya, na haɗa da kuɗin bijimi ɗaya, na je Kano na sayo mota wagon ta hannu, mai giyar otomatik, don in riƙa kai kaya kasuwannin ƙauye. Mako uku da saye sai ta fara, in na taka totur injin ya yi ta kuka amma motar ba ta ja. Daga baya ta ƙi shiga ribas. Yanzu tana tsaye a ƙofar gida. Bakanike ya ce giyabos ya tafi, sai an sauya, kuma kuɗin da ya yanka mani ya kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na sayi motar. Dillali ya ce ciniki ya riga ya faɗa, shi ba ruwansa. Wasu sun ce in sayar da ɗaya bijimin in gyara, wasu sun ce in kai ƙara, wasu kuma sun ce in rabu da ita ko nawa ne. Ga damina tafe. Don Allah ku ba ni shawara."

AMSA

To Malam, Allah ya mayar maka da alheri, ya kiyaye gaba. Kafin mu shiga bayani ga amsa a dunƙule: kada ka taɓa bijimin nan tukuna, kuma kada ka bari a kwance giyar nan tukuna. Akwai abubuwa huɗu da za ka yi, kuma jerinsu yana da muhimmanci ƙwarai. Ka ajiye motar, ka sanar da wanda ya sayar maka a gaban shaidu, ka sa a yi gwaji na haƙiƙa, sa'an nan ka zauna ka yi lissafi. Yawancin waɗanda suka yi asara biyu a irin wannan hali, daga na ƙarshen suka fara, watau suka fara da kashe kuɗi.

Ka kuma sani ba kai kaɗai ba ne. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020, ta ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kusan kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Motar da muke kira 'yar Kwatano ko 'yar Baljiyam ta riga ta yi shekaru tana bauta wa wani kafin ta iso hannunmu. Fenti yana ɓoye tsufan bodi, amma tsufan giya sai an ɗora kaya yake fitowa fili.

Yadda Giya Take Aiki

Giyar mota fa muke magana, ba ta kwalba ba. Injin yana juyawa da sauri amma ba shi da ƙarfin da zai tayar da mota mai kaya daga tsaye shi kaɗai. Akwatin giya, wanda makanikai ke kira giyabos, shi ke karɓar wannan juyi ya mayar da shi ƙarfi a lokacin tashi da hawan tudu, ya mayar da shi gudu a kan miƙaƙƙiyar hanya.

A mota mai giyar hannu, direba ne ke taka kuloci ya zaɓi giya da kansa. A otomatik kuwa, mai ne yake yin wannan aiki. Akwai famfo a ciki wanda injin ke juyawa, shi ke tura man giya da ƙarfi ya matse waɗansu siraran faya-fayen kuloci da ke jere a ciki. Akwai ƙananan makunnai na lantarki da ke buɗe wa mai hanya ko su rufe, kuma ƙwaƙwalwar mota ce ke ba su umarni. Saboda haka man giya a otomatik kamar jini yake a jikin mutum. Shi ke ɗaukar ƙarfi, shi ke sa santsi, shi ke kwashe zafi. In ya yi ƙasa, ko ya ƙone, ko hanyarsa ta toshe, ko wayar lantarki guda ta tsinke, sai mota ta yi kamar giya ta mutu alhali ƙarafanta lafiya lau.

Wannan shi ya sa muka ce kada a yi gaggawa. Kalmar "giyabos ya tafi" tana da sauƙin faɗa, amma ciwo iri-iri ne ke ƙarƙashinta, wani na kuɗin mudu, wani na kuɗin buhu, wani na kuɗin sa.

Mataki Na Farko: Ajiye Motar

Ka yi daidai da ka tsayar da ita. Giyar da ke sulɓewa, watau injin na kuka mota ba ta ja, faya-fayen cikinta ne ke gogar juna suna ƙonewa. Kowace tafiya da aka ƙara, garin da suke zubarwa yana bin mai yana toshe sauran hanyoyi. Abin da za a iya gyarawa yau, gobe sai ya zama na sauyawa.

In za a kai ta gareji, kada a ɗaura mata igiya a ja ta kamar yadda muka saba yi wa motocin giyar hannu. Mun ce injin ne ke juya famfon mai. In injin a kashe yake, tayoyi kuwa suna juya kayan cikin giya, to suna juyawa ne ba tare da isasshen mai ba. A nemi janwe ya ɗaga tayoyin da ke jan motar, ko a ɗora ta gaba ɗaya a bayan babbar mota. Har wa yau, otomatik ba a tayar da ita da turi, kada yara su wahala a banza.

Mataki Na Biyu: Sanar Da Wanda Ya Sayar

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa. Da zarar bakanikenka ya kwance giyar nan ya baje ta a ƙasa, ba tare da mai sayarwa ya gani ba, to ka ba shi abin faɗa. Zai ce lafiya lau ya ba ka, bakanikenka ne ya ɓata.

Ka tattara rasit, da takardar ciniki in an rubuta, da sunayen waɗanda suka shaida, da duk saƙon da kuka yi ta waya. Ka ɗauki hoton motar da na ma'aunin tafiyarta. Sa'an nan ka tafi da dattawa biyu wurin ainihin mai motar, ka gaya masa abin da ya faru da ranar da ya faru, ka nemi ya zo ko ya turo bakanikensa a duba tare. Dillali ɗan tsakani ne, kuɗin motarka ba a aljihunsa yake ba sai la'ada. Amma shaida ne a cinikin, kuma in ya san da aibin ya rufe, shi ma yana da tambayar da zai amsa.

Game da maganarsa cewa ciniki ya faɗa, to ba nan zancen ya ƙare ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalanmu ke aiki da shi, akwai babi na mayar da kaya saboda aibi, yana nan a Risala da Muhtasar. Sharuɗɗan su ne aibin ya kasance yana nan tun kafin ciniki, ya kasance mai saye bai san da shi ba, kuma ya kasance yana rage darajar kaya. In haka ta tabbata, mai saye yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuwa kayan sun riga sun sauya a hannunsa, ana iya hukunta a biya shi bambancin da ke tsakanin farashin mai lafiya da na mai aibi. Cewa "yadda ka gan ta haka na sayar" ba ya wanke mutum daga aibin da ya sani ya ɓoye. Sai dai akwai wani sharaɗi da ya shafe ka kai tsaye. Wanda ya gano aibi sa'an nan ya ci gaba da amfani da kayan ba tare da larura ba, ana ɗauka ya yarda. Malamai da dabbar hawa suka buga misali, amma mota ma abin hawa ce. Ka ga dalili na biyu ke nan na ajiye ta.

Ta fuskar dokar ƙasa kuma, akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kaya cikin wata 3 in sun kasa ingancin da ya kamata, a gyara masa, ko a sauya, ko a mayar da kuɗi. Wannan ya fi ƙarfi in wurin masu sana'ar sayar da motoci ka saya, kuma lalle ba za a auna tsohuwar mota da ma'aunin sabuwa ba. Tun da a Kano aka yi cinikin, ka sani a 2019 jihar ta buɗe kotunan ƙananan da'awar kuɗi, inda mutum ke iya shigar da ƙara da kansa ba sai da lauya ba. Amma kada ka kwashi zancen zuwa caji ofis da niyyar a tsare maka mutum har sai ya biya. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin ciniki kawai.

Gaskiyar da za mu gaya maka ita ce, shari'ar ba a hannunka kaɗai take ba. Mai motar zai ce kaya ka lafta mata har giya ta ƙone, kuma alƙali zai saurare shi. Shi ya sa sulhu ya fi sauri da araha. Masu sayar da motoci suna da shugabanni a wuraren sana'arsu, kuma ba su son sunan wurinsu ya ɓaci. Sau da yawa a nan ake daidaitawa, a raba kuɗin gyara, ko a sauya wa mutum wata motar ya yi ciko. In an ba ka rabin kuɗin gyara a hannu cikin mako guda, ka auna shi da kyau kafin ka ƙi, domin zirga-zirgar kotu daga Dandume zuwa Kano ita ma kuɗi ce, ga shi lokacin shuka ne.

Mataki Na Uku: Gwaji Na Haƙiƙa

Bakaniken da ya iya injin ba lalle ne ya iya giyar otomatik ba, sana'a ce mai zaman kanta. Ka nemi wanda aikinsa ke nan, kuma ka ji ta bakin mutum biyu waɗanda ba su san juna ba. Ka biya kuɗin dubawa daban, domin wanda abincinsa ke cikin sauya giya, da wuya ya ce maka ba ta bukatar sauyi. Ga abin da ya kamata a duba, daga mai araha zuwa mai tsada.

Na ɗaya, mai. A yawancin motoci ana auna shi ne mota na tsaye a wuri mai daidai, injin ya yi zafi yana aiki, giya tana kan P. Motocin Honda masu geji kuwa sai an kashe injin a auna nan take. Waɗansu motocin na baya-bayan nan ba su da geji sam, sai a gareji. A ɗiga man a farin ƙyalle. In ja ne garau, madalla. In ya yi ruwan ƙasa, ya tsufa. In baƙi ne yana ƙauri, faya-faye sun ƙone. In kuwa ya yi kamar an dama shi da nono, to ruwa ya shiga. A motoci da yawa man giya yana bi ta cikin lagireto ya huce, in bututun ya fashe a ciki sai ruwa ya haɗu da mai. Motar da ambaliya ta taɓa shanyewa ita ma takan nuna haka.

Na biyu, yoyo. A duba ƙarƙashin mota, da tiyo-tiyon da ke zuwa lagireto, da inda shaf ke shiga giya.

Na uku, kwamfuta. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996, da masu fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar gwaji. Lambobin da suka fara da P07 zancen giya suke yi. Ka sa a rubuta maka lambobin a takarda kafin a goge su, domin shaida ne. In makunni ɗaya ya mutu ko waya ta tsinke, ƙwaƙwalwar mota takan kulle giya a lamba 2 ko 3 don ta kare ta, sai direba ya zaci ta mutu. Ku masu ɗaukar hatsi ku lura, inda tsaba ta zube ɓera yana zuwa, kuma ɓera yana cin wayar mota.

Na huɗu, shaf da wayar sandar giya. Motar da tayoyin gaba ke ja, in shaf ɗaya ya karye, injin zai yi ta kuka mota ba za ta motsa ba, gaba ko baya. Wannan gyaran yini ɗaya ne.

Na biyar, a gaban wakilin mai motar, a kwance kwanon da ke ƙarƙashin giya in irin mai kwano ce. Akwai mayen ƙarfe a ciki. In laushin gari baƙi-baƙi ne kaɗan a jikinsa, wannan tsufa ne na yau da kullum. In kuwa ɓarɓashin ƙarfe ne mai ƙyalli da gutsattsari, to ciki ya ci kansa. A nan ne kuma za a ga ko an taɓa buɗe giyar, watau sabon gam a bakin haɗi, ko notuna da suka sha sifana. Duk a ɗauki hoto.

Ba za mu ɓoye maka ba, Malam, alamun da ka faɗa, sulɓewa sa'an nan rasa ribas, sun fi karkata ga lalacewar ciki. Amma ƙarancin mai da toshewar filta su ma suna kawo irinsu, saboda haka gwajin bai zama ɓata kuɗi ba. Masu giyar hannu kuma, in motarku na kuka ba ta ja, galibi faifan kuloci ne ya cinye, akwatin giyar lafiyarsa ƙalau.

Mataki Na Huɗu: Lissafi

In gwaji ya tabbatar giya ta mutu, hanya uku ce a gabanka.

Ta farko, a buɗe ta a sauya abin da ya ƙone. Wannan yana kyau in akwai gwani na gaske, da wuri mai tsabta, da sababbin kaya na asali. Giyar otomatik ba ta shiri da ƙura ko kaɗan. In a ƙasa za a baje ta a gindin bishiya iska na kaɗawa, to gyaran gangar Auzinawa za a yi maka.

Ta biyu, a sayo wata ta gwanjo a ɗora, kuma ita mutane suka fi bi. Ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Amma ka tuna ita ma tsohuwa ce, ba wanda ya ga cikinta. Saboda haka ka kiyaye waɗannan. A tafi da lambar da ke jikin tsohuwar giyar, a dace ta da girman injin da shekarar mota da yawan bakin soket, domin giya biyu kan yi kama a ido su bambanta a ciki. A bambance wadda aka ciro daga mota a ƙasar waje da wadda aka ciro a nan gida aka wanke da fetur ta yi ƙyalli. A rubuta garanti a rasit, kwana nawa ne, kuma daga ranar da aka ɗora za a fara ƙirga. In zai yiwu a riƙe wani abu daga kuɗin sai an gwada ta da zafi a kan hanya. Kafin a ɗora, a wanke bututun mai da ma'ajiyar sanyaya shi, in ba haka ba dattin tsohuwar zai shiga ya kashe sabuwar. In ruwa ne ya kashe ta farko, sai an sauya lagireto. Tsohuwar giyar kuma kayanka ce, kada ta ɓace a gareji. Shaida ce in ana shari'a, kuma tana da kuɗi in an gama.

Ka kuma tambaya ko irin motarka an san giyarta da rauni tun daga ƙasarta. A 2004 kamfanin Honda ya kira motoci sama da miliyan 1 a Amurka saboda zafin da ke lalata giya ta 2 a waɗansu motocinsa masu otomatik. A 2009 kamfanin Nissan ya tsawaita garantin giyarsa mai bel, wadda ake kira CVT, zuwa shekara 10 ko mil 120,000 ga motocin 2003 zuwa 2010. In motarka tana cikin irin waɗannan, ta gwanjon da za ka saya da wannan raunin za ta zo.

Hanya ta uku, ka sayar da motar yadda take. In za ka yi haka ka faɗi aibinta a fili, kada abin da aka yi maka ka yi wa wani.

Yaya za ka zaɓa? Mu yi lissafin da buhu, tun da farashin Naira ba ya zama wuri ɗaya. Wannan misali ne kawai. Mu ƙaddara ka sayi motar a kuɗin buhu 90, gyara zai ci buhu 30. Ka cire buhu 90 ɗin nan daga ranka, sun riga sun tafi, ba su cikin lissafin yau. Tambaya biyu ce. Nawa za a saye ta a yau ba gyara, kuma nawa za ta yi in an gyara? In gyararriya za ta yi buhu 85, ka cire 30, saura 55. In masu saye sun taya ta buhu 35 a yadda take, gyara ya fi, da ratar buhu 20. In kuwa sun taya buhu 50, ratar buhu 5 ce kacal, kuma matsala ɗaya in ta ƙara ɓullowa ta cinye ta. Shi ya sa kafin ka zuba kuɗi a giya, sai an duba injin da shasi da ƙafafu. Ba a ɗinka sabuwar riga a kan ruɓaɓɓen zare.

Sa'an nan ka tambayi kanka, bayan mai da direba da kuɗin hanya, nawa motar ke bari a kowace ranar kasuwa? Kasuwa nawa za ta ci kafin ta biya kuɗin gyaranta? In amsar ta wuce shekara, to a sake tunani.

Yanzu ga zancen bijimi. Mota in tana tsaye ba ta cin dusa. Ana iya cire kan batir, a share tsabar da ta zube a ciki, a rufe ta, ta jira har kaka. Damina kuwa ba ta jiran kowa. Ka riga ka sayar da bijimi ɗaya, in ka sayar da na biyun ko ka taɓa kuɗin taki da iri, ka kashe abin da ya sayi motar tun farko, kuma shi ne zai iya gyara ta. Garin neman gira kada a rasa ido. Haka nan bashin da ake biya da ruwa, ko karɓar kuɗi a kan amfanin gonar da ba a shuka ba, duk ka nisance su saboda giyar da ba ka ga cikinta ba. Zancen mai motar shi ne na gaggawa, a yi shi cikin makon nan. Gyara kuwa yana iya jira.

Bayan An Gyara

Abu uku ke kashe giyar otomatik a ƙasarmu: zafi, da lodi, da man da bai dace ba. Ƙaramar mota, abin da aka yi ta ta ɗauka duka-duka, har da direba da fasinja, bai cika wuce kilo 400 zuwa 500 ba. Buhun masara kilo 100 ne. Ka ga buhu 4 da direba sun cika ta. In aka ɗora 10 a watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40, a kan hanya mai rairayi, to man giya dahuwa yake yi. Da kaya a tudu ko rairayi a sa ta a 2 ko L. In ta kafe a laka kada a yi ta watsa ta gaba da baya, a sauke kaya a tura. Kada a sa R sai mota ta tsaya cik.

Man giya kuma ba ɗaya ba ne. Toyota tana da T-IV da WS, Honda tana da DW-1 wanda ya maye gurbin Z1, giyar CVT ta Nissan tana shan NS-2 ko NS-3. A duba abin da aka rubuta a kan geji ko littafin mota. Zuba man otomatik na gama-gari a giyar CVT hanya ce ta kashe ta. A sayi mai a rufe a wurin da aka amince da shi, a buɗe a gabanka.

Ga Masu Shirin Saye

Ku tafi da bakanikenku, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku iso da sassafe ku tayar da motar da sanyinta. A taka birki a sa D, a sa R, ya kamata ta kama nan da nan ba tare da jinkiri ko bugu ba. A yi tafiyar kilomita 20 ko 30 har ta yi zafi sosai, a hau tudu, a sake gwada ribas, domin wata giyar sai ta yi zafi take nuna halinta. A duba launin mai, a jona kwamfuta. Motar da ta fito daga Amurka, da lambar shasinta mai harafi da lamba 17 ana iya bincika tarihinta ta intanet, a ga ko ta yi hatsari ko ruwa ya taɓa cinye ta. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a sa kwanakin gwaji a kan injin da giya. Wanda ya ƙi yarda a gwada motarsa ya riga ya ba ku amsa. Kada kuma a zuba duk abin da aka mallaka a kan saye, a rage na gyara. Wanda aikinsa ɗaukar kaya ne a hanyar ƙauye, mota mai giyar hannu ta fi masa rufin asiri, domin faifan kuloci kusan kowane gari akwai mai iya sauya shi.

To jama'a, nan za mu dakata a wannan mako. Mai tambaya kuma, in an yi gwajin ka rubuto mana abin da aka gani da yadda kuka ƙare da mai motar, don 'yan'uwa su ƙaru. Ku ci gaba da aiko da takardunku da saƙonninku, ku riƙa rubuta sunan gari da kyau. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.